Guzurin Mai Hawan Jini

Tun ranar da likita ya ɗaura mani abin awo a dantse ya ce jinina ya hau, gidana ya koma bariki, Maman Abba ce kwamanda. Shi dai likita cewa ya yi gishirin da mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi guda. Ita kuwa abin da kunnenta ya jiyo shi ne an haramta mani duk wani abu mai daɗi har illa masha Allahu.

Da tafiyar Kaduna ta taso, bikin ɗiyar yayana, kusan kwana ta yi tana haɗa guzuri: dabino, jiƙaƙƙiyar aya, gyaɗa marar gishiri, karas, kokwamba, dafaffen ƙwai guda 4, da yankakkiyar kankana a leda. Har zaure ta rako ni tana jaddadawa, "Malam, ban da tsire, ban da kilishi, ban da lemon kwalba." Na ce mata in sha Allahu, irin in sha Allahun da ake yi wa mai bin bashi.

Sharon na samu a tasha, mu huɗu a kujerar tsakiya. Hagu da ni wani dattijo mai carbi, dama wani saurayi ɗan jami'a, baya kuma wata Hajiya da 'ya'yanta uku. Kankana na ajiye tsakanin ƙafafuna.

Muna wuce Charanchi na buɗe jaka. To, ɗan Katsina ba ya ci shi kaɗai a gaban mutane, sai na ce, "Jama'a bismillah." Kowa ya san wannan tayin na fatar baki ne, amsarsa "a ci lafiya." Amma dattijon nan ya rataya carbi a wuya ya ce, "Dabino ne? Ai sunna ce, ba a ƙi." Ya damƙa, ya miƙa baya. Ni kuma don neman suna na shiga yi masu wa'azin illar gishiri da maiƙo, ina ba su labarin hawan jinina, suna gyaɗa kai, baki na motsi. Kafin Kankiya dabino ya zama tarihi. Yara suka gama da aya da gyaɗa, saurayi ya dinga gurgurar karas kamar zomo. Direba ko waiwaye bai yi ba, hannu kawai ya miƙo baya ya ce, "Alhaji, na ji ƙanshin ƙwai." Biyu ya ci, dattijo ya taya shi da sauran.

Dab da Malumfashi direba ya ci birki saboda wani rami, na dafe da ƙafa, sai ji na yi fus! Ledar kankana ta fashe, jan ruwa ya wanke farar shaddata tun daga gwiwa. Hajiya ta leƙo ta kurma ihu, "Direba tsaya! Jinin bawan Allah ya hau har ya zubo!" Sai da na ɗaga ɓawon kankana sama kafin dattijo ya daina salati.

Muka tsaya sallar azahar a Funtuwa, cikina na kiran ciroma, jaka ba komai sai kokwamba guda, wadda ko yaran ba su kalla ba. Ga hayaƙin mai tsire iska na kaɗo mani shi har cikin hanci. Na dubi kokwamba, na dubi tukuba. Abin da ya biyo baya, a bayan wata tirela aka yi shi, kuma tsakani da Allah na ce a rage yaji.

Ina suɗe yatsa ta kira. "Malam, ya guzuri?" Na ce ya ƙare tas, ban yi ƙarya ba.

Kwana uku da dawowata ta kawo mani tuwo da miyar kuka lami. A gefen faranti ta shimfiɗa wata takarda da mai ya huda, garin ƙuli manne da ita. A aljihun shadda ta tsinto ta wajen wanki. Ta zauna ta tallafe haɓa ta ce, "Malam, wannan kokwambar a wace gona ake nomanta?"