Ɓari huɗu, gwajin jini ko ɗaya babu

Tun jiya raina a ɓace yake wallahi. Kun dai ji abin da ya samu ƙanwata, ta sake yin ɓari. Abin da ba ku ji ba shi ne, ko awa biyar ba a yi da wankin ciki ba, gwaggon mijinta ta ja kujera ta dubi mahaifiyarmu ta ce, "Hajiya, wannan fa sai an koma ruƙiya, namijin dare ne." Sannu Gwaggo, babbar likita. Ɓari huɗu cikin shekara uku. An sha rubutu, an yi hayaƙi har labulen ɗakin ya canza launi, an zargi facala, an daina gaisawa da maƙwabciya. Amma a duk gidan nan ba a samu mutum ɗaya da ya ce a ɗebi jininta a duba ba.

A ɗebi jini a duba. Iyakar maganata ke nan.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira APS, wadda wani likita a Landan, Graham Hughes, ya bayyana tun 1983. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, sai jini ya riƙa saurin daskarewa. Ƙananan gudaji su toshe jijiyoyin mabiyiya, abinci da iska su daina isa ga ɗan tayi, ciki ya zube. Wata tun watannin farko take rasa shi. Wata kuwa sai ya fara motsi, ta sayi shawul da ɗan bahon wanka ta ɓoye ƙarƙashin gado, sannan wata safiya ta ji shiru. Cikin mata 100 masu ɓari a jere, kusan 15 wannan ce matsalarsu.

Kuma tana da magani, abin da ke ƙona min rai ke nan. Ƙaramar ƙwayar asfirin kullum, da allurar heparin mai tsinka jini a ƙarƙashin fata, a ci gaba har mako shida bayan haihuwa. A wani bincike da aka buga a Ingila a 1997, cikin masu haɗa biyun 71 cikin 100 sun haihu da rai, masu asfirin kaɗai kuwa 42. Ku faɗa min hayaƙin da ya taɓa kawo wannan lissafi.

Na san masu cewa "ai ƙaddara ce" suna nan tafe. E, ƙaddara ce, na yi imani. Annabin da ya koya mana ƙaddara, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Masu cewa ba kowane ɓari ne APS ba, na ji, wa ya ce muku shi ne? To ta yaya za a sani in ba a duba ba? Masu kukan tsada kuma, mijin nan har ya fara tambayar farashin akwatunan lefe. Kada mu yi haka da ku.

Don Allah 'yar'uwa, kada ki karanta wannan ki ruga kemis. Likitan mata za ki gani, a asibitin koyarwa in da hali, ki ce masa ɓari kike yi a jere, kina son a duba daskarewar jini. Sau biyu ake gwajin, da tazarar mako 12, kafin a tabbatar. Kuma ba kowane maganin tsinka jini ne na mai ciki ba, warfarin na iya nakasa jariri.

Ƙanwata ta ce min cikin dare, a hankali don kada Mama ta ji, "Yaya, ko dai ni ce ba ni da rabo?" Na rasa bakin amsa, sai dai na riƙe hannunta. Litinin za mu je, ko mijin ya raka mu ko kada ya raka.

Af, ku kuma masu zuwa dubiya ku goma sha biyu a ɗaki ɗaya, ku shanye lemon mara lafiya, ku bar mata kwanuka, ku tafi kuna "Allah ya kawo mai albarka da wuri": wa ya ce muku tana son jin "da wuri" yanzu? Kuma wadda ta tafi da fulas ɗinmu mai ruwan toka, ta dawo da shi.