Ƙannena Masu Sabon Aiki, Ku Daina Cewa "Na Riƙe a Kai"

Assalamu alaikum. Da ku nake, ƙannena da sa'o'ina da kuka fara aiki a 'yan shekarun nan, ko a ofisoshin Samaru da Kongo, ko a shagunan PZ da Sabon Gari, har da masu bautar ƙasa da aka turo mana. Akwai wata ɗabi'a da ke zubar muku da ƙima ba ku sani ba. Oga zai kira mutum ya zayyana masa ayyuka huɗu a tsaye, shi kuwa hannu a baya, sai "to, ranka ya daɗe, an gama." Ba biro, ba takarda. Kafin Azahar biyu sun gudu, na ukun ma ya rikice, Talata aka ce ko Laraba. Daga nan sai kame-kame, a fara cewa yaron nan ba shi da natsuwa, alhali mai ƙwazo ne.

Abin mamaki, mu ne fa muka cika littattafai da rubutu a aji saboda jarrabawa. Kuma a Zazzau muke, garin allo da tawada, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Mantuwa ba abin kunya ba ce, halitta ce. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi ta yi a kansa, ya nuna cewa sabon abin da mutum ya haddace ya fi saurin zubewa a sa'o'in farko. Abin kunyar shi ne ka san haka kake, kuma ka shiga ofishin shugabanka hannu rabbana.

Na san za a ce ai akwai waya. Akwai. Amma ka shiga don rubuta layi ɗaya, saƙon WhatsApp ya faɗo, shi ke nan an tafi da kai. Ga caji, ga ɗauke wuta. Sannan a wurinmu, babba na magana kana danna waya, ko Alƙur'ani kake karantawa a ciki raini za a ɗauka. Buɗe littafi kuwa ladabi ne, yana nuna maganarsa ta isa a ajiye.

Matsalar masu rubutun ma ita ce warwatsawa. Yau a bayan ambulan, gobe a jotar biki mai hoton ango da amarya, jibi a tafin hannu, alwala ɗaya ta wanke. Ka sayi littafi guda mai kwalin baya, girman A5, wato rabin farar takardar ofis, ya zama komai na aiki a cikinsa yake. Ka sa wa shafukan lamba da hannunka, ka bar biyun farko don fihirisa, wato jerin abin da ke ciki da lambar shafinsa. Kullum da safe kwanan wata ne farkon abin da biro zai taɓa. Rubutun da ba kwanan wata ba ya zama hujja ranar gardama.

A taro kada ka ce sai ka kwashe duk abin da aka faɗa, ba za ka iya ba, kuma sauraro zai kuɓuce maka. Abu huɗu ake farauta: me aka yanke, wa zai yi, yaushe, nawa. Walter Pauk na jami'ar Cornell a Amurka ya fito da wani tsari a shekarun 1950, a ja layi daga sama zuwa ƙasa a bar faɗin yatsu uku ko huɗu a hagu, a kuma bar ɗan fili a ƙasan shafi don taƙaitawa. Shi don ɗalibai ya yi, tambayoyin bita ake sawa a hagun. A wurin aiki ni na fi ganin amfanin a mayar da hagun gidan abin da ya hau kanka, dama kuma bayanin taro. In an tashi, ido ɗaya za ka yi wa hagu ka san bashin da ke wuyanka. Kafin ka fita kuma ka karanta wa mai ba da aikin: "Ranka ya daɗe, abin da na fahimta, wasiƙa ta fita Laraba, lissafin kaya kuma Juma'a kafin masallaci." In akwai kuskure nan take za a gyara, ba sai an ɓata rim guda na takarda ba.

Yadda ake rubuta aikin ma da saura. Mutum ya rubuta "rahoto" kawai, ya wuni yana kallon kalmar tana kallonsa. Wannan ba aiki ba ne, damuwa ce aka rubuta. Ka ce "karɓo alƙaluman watan jiya wurin akawu, Litinin." Yanzu ƙafa ta san inda za ta. Ka zana ɗan akwati a gaban kowane aiki, wanda aka gama a soke, wanda ya kwana a yi masa kibiya. Allah ya riga ya yanka mana yini da salloli, sai ka zaɓi ayyuka uku masu nauyi ka ce waɗannan kafin Azahar, ƙananan su biyo baya. Bayan La'asar, ko dab da tashi, ka ba littafin minti goma, ka kwafe abin da ya kwana zuwa shafin gobe da hannunka. Kwafewar tana da gajiya, kuma gajiyar ce amfaninta. Aikin da ka kwafa sau uku, ka tsaya ka yi wa kanka gaskiya: ko ka yi shi gobe da sassafe, ko ka miƙa wa wanda ya dace, ko ka je ka faɗa cewa ba zai samu ba. Da yawa daga masu sayen dayari mai tsada a watan Janairu nan suke faɗuwa, suna rubutawa amma ba sa komawa.

Ka ware shafi ɗaya a ƙarshen littafi ka sa masa suna "Ina jira." Fayil ɗin da ka miƙa, wa ya karɓa, ran nawa ga wata. Kuɗin da ka ba a sayo kaya, nawa, canji ya dawo ko bai dawo ba. Ke ma ƙanwata mai shagon ɗinki, ranar karɓar kaya da kuɗin da aka fara bayarwa nan ne gidansu, musamman in Sallah ta matso. Wasu na ganin rubuta irin wannan rashin yarda ne da mutane. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, kuma muminai aka faɗa wa.

Littafin amana ne. Kada ka sa lambar sirrin katin banki a ciki, kada ka bar shi buɗe a tebur da sirrin ofis ko na abokin ciniki. In ka yi kuskure ja layi ɗaya a kai, kada ka yage shafi, yagaggen shafi shi ke jawo zargi. Da damina ka sa shi a leda kafin ka hau mashin, kuma biro na gama-gari ya fi jure jiƙa a kan alƙalami mai ruwan tawada. Ranar Juma'a ka ɗauki hoton shafukan mako da waya, a nan ne wayar ke da rana. In ya cika, rubuta ranar farawa da ta gamawa a bangonsa, ka ajiye a sama inda gara ba za ta kai ba, domin ranar cike fom ɗin ƙarin girma ko miƙa aiki ga wanda zai gaje ka, shi za ka ɗauko.