“Mu uku ne kawai” ba dalilin kashe murhu ba ne

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu ƙaramin iyali, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya: “Mu uku ne kawai, mene ne na ɗora tukunya?” Miji da mata da yaro ɗaya ko biyu, sai a ga girki bai kai a sha wahalarsa ba. A dafa sau ɗaya a wuni in an dafa, sauran lokacin a cike shi da biskit da lemon kwalba da soye-soyen leda da taliyar fakiti mai dahuwa nan take. Tunda ba wanda ya kwana da yunwa, ba wanda ya ga aibu. Ni kuwa a ganina ta nan lafiyar gida take zurarewa, ta ciye-ciyen tsakanin abinci da abinci.

Tambayi uwa abin da ɗanta ya ci yau, za ta lissafa maka na safe da na rana da na dare. Alawar hanya da biskit biyu na bayan makaranta da lemon da baƙo ya kawo duk ba za su shiga lissafin ba, don ba ta ɗauke su abinci ba. Su ne kuwa suka toshe masa ciki har ya ture kwanon dare, aka ce ba ya son cin abinci.

Mu ɗauki sukari. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a wuni. Ga babban mutum wannan ya kama kimanin giram 50, wajen cokalin shayi 12, kuma hukumar ta ce in aka rage zuwa rabin haka ya fi. To gwangwanin lemon kola guda mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Wannan fa ma'aunin babba ne. Yaro ɗan shekara biyar da aka miƙa wa gwangwanin nan ya riga ya kai ko ya wuce rabonsa na wunin tun kafin a zuba masa sukari a shayi. Abin da ya fi ba iyaye mamaki shi ne, zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse suna cikin wannan lissafi. Lemun da yaro ya ɓare ya ci da tsokarsa yana cika ciki, sukarinsa yana shiga jini a hankali. In aka matse uku a kofi, zai shanye a tsaye, bayan ɗan lokaci ya dawo yana neman wani abu.

Wani zai ce ai laifin kwaɗayi ne, mutum ya kame bakinsa kawai. Ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. A 2019 wani mai bincike, Kevin Hall, da abokan aikinsa a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka suka ajiye manya 20 a asibitin bincike na tsawon wata guda. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta wanda aka sarrafa sosai, mako biyu kuma ana ba su wanda aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita sukari da mai da gishirin da aka gabatar musu a ɓangarorin biyu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa) kusan 500 a kullum, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A sauran makonnin kuma kusan kilo ɗayan nan ya sauka. Mutanen ba su canza ba, abin da aka ajiye a gabansu ne ya canza. In manya masu hankali suka kasa tsayawa, da wane ƙarfi ɗan shekara huɗu zai tsaya a gaban ledar da aka ƙera don a kasa ajiye ta?

Shi ya sa nake cewa a wurin sayayya ake yin maganin abin, tun kafin ya shigo gida. Abin da ke kan tebur shi za a ci. Kuma a nan ina roƙon iyaye maza su saurara, don sau da yawa uwa ake ɗora wa laifi alhali maigida ne ke shigowa da yamma da ledar alawa. Na san so ne, na san daɗin ganin yaro ya rugo da gudu. Amma zai rugo wa ayaba da kankana ma in da su aka saba masa. Kafin a sayi kayan fakiti a juya bayansa: jerin abubuwan da aka haɗa shi da su yana farawa ne da wanda ya fi yawa. In sukari ne na farko ko na biyu, to alawa ce, ko da an zana saniya ko zangarniyar alkama a gaba.

Ba hana ciye-ciye nake nufi ba. Cikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar abin da zai kai shi daga rana zuwa dare, yana buƙatar wani abu a tsakani. Abin da nake so shi ne a ba wa wannan ɗan cin lokacinsa, a zauna a ci shi, kuma ya zama abinci na gaske: dafaffen ƙwai, dafaffiyar masara, yankan karas ko kokwamba, madara marar sukari, 'ya'yan itacen da ke yayi, gyaɗa. Gyaɗar dai a niƙa ta in yaron bai kai shekara biyar ba, don tana iya sarƙe shi, kuma jaririn da bai cika shekara ba kada a ba shi zuma ko kaɗan. Ƙishirwa kuma ruwa ne maganinta.

Maganar gishiri gajeriya ce. Ma'aunin babba ƙasa da giram 5 ne a wuni, wajen cokalin shayi ɗaya, duniya kuwa tana cin fiye da ninki biyu na haka, kuma hawan jini na biye da shi. Ba wanda aka barbaɗa da hannu kaɗai ake ƙirgawa ba, akwai na dunƙulen ɗanɗano da na burodi da na ƙullin da ke cikin taliyar fakiti. A rage kaɗan-kaɗan, harshe yana sabawa cikin 'yan makonni.

Yanzu ga ainihin kukan: ƙaramin gida, babbar tukunya, abinci ya yi saura ya lalace, sai gwiwa ta yi sanyi. Wannan kuka gaskiya ne. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Yawancinmu a gidan yawa muka koyi awo, hannu ya saba ɗiban na mutum takwas. Sai a sayi ƙaramar tukunya, a ajiye kofi ɗaya na awo, a riƙa lura da abin da ke saura har a gane gwargwadon gidan. Mai firiji kuma ya dafa wake ko miya mai yawa sau ɗaya, ya raba a ƙananan robobi tun ranar, gobe a haɗa da shinkafa, jibi da dankali, kowace rana da sabon ganye a kai. Sharaɗin dai kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, firiji ya kasance ƙasa da digiri 5, in za a ɗumama kuma a ɗumama har ya yi tururi ciki da waje. Shinkafa ta fi kowa buƙatar wannan kula, domin akwai ƙwayar cuta da ke jure dahuwa, in shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta saki gubar da ɗumame ba ya kashewa.

Ganye da 'ya'yan itace ana so babba ya samu aƙalla giram 400 a wuni, kuma dankali da rogo ba sa cikin ƙidayar. Wake yana da sinadarin ƙarfe mai gina jini, jiki kuma ya fi ɗaukarsa in an haɗa da tumatir ko lemu, shayi kuwa yana rage ɗaukarsa, don haka a raba su da ɗan lokaci.

“To yarona ba ya cin ganye.” Na ji wannan sau ba adadi. Wata masaniyar abinci a Amurka, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu, kuma rabon ya kwanta mini: iyaye su ne masu zaɓar abin da za a ci da lokaci da wurin ci, yaro kuma shi ne mai cewa zai ci ko ba zai ci ba, da yawan da zai ci. Ba ɗure, ba bi da cokali daga ɗaki zuwa ɗaki, ba kuma tashi a dafa masa wani abu daban don ya yi kuka. Yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya karɓa, mu kuwa a na biyu muke yanke hukunci. A ci gaba da sa masa kaɗan a gefen kwano, ya ga babansa yana ci da marmari. Abin da nake roƙo a bari shi ne “cinye ganyen in ba ka alawa”. Duk ranar da aka faɗi haka an koya masa cewa ganye horo ne, alawa kuma lada.

Saura gajiya, kuma ba na raina ta. Wanda ya wuni a wurin aiki, ko ya wuni da goyo, ba ƙaramin abu ba ne ya tsaya gaban wuta. Don haka ya kamata kowane gida ya riƙe abinci biyu ko uku na ranar gajiya waɗanda kayansu ba sa yankewa: ƙwai da albasa da tumatir da ganye a kasko, ko waken da aka ajiye a ɗumama a zuba kifi. Minti goma sha biyar sun isa. A gidan manya biyu kuma, in ɗaya yana kan wuta ɗayan ya yanka albasa ko ya riƙe yaro, wanda bai dafa ba ya wanke kwanuka.