Goyon bayan 'yan kasuwa ba shaidar kirki ba ce

Wai har yanzu ana ta yawo da takardar nan, cewa ƙungiyar 'yan kasuwar gunduma ta mara wa wane baya a zaɓen sherif, wato babban jami'in tsaron gunduma a Amurka, don haka magana ta ƙare, a je a dangwala masa. Madalla! Tunda masu shaguna sun sa albarka, ai mutumin waliyyi ne.

Jama'a, kun san abin da sherif yake riƙe da shi a Amurka kuwa? Ba sintiri kaɗai ba ne. Makullin gidan yarin gunduma yana hannunsa. Yaransa ne ke kai sammaci, su ne ke fitar da ɗan haya da kayansa idan alƙali ya yanke hukunci, a jihohi da dama kuma ofishinsa ne ke gwanjon gidan da bashin banki ya ci. Shi kansa gidan yarin kasuwa ce guda: kwangilar abinci, ta magani, ta kantin fursunoni, ta wayar tarho da kamfanoni irin su Securus ke riƙe da ita. Ga masu jan motoci, ga masu tsaya wa mutum beli don a biya su. To wanda abincinsa ke cikin wannan tukunya, in ya ce maka wane ya dace, shaida ya bayar ko ajiya ya yi?

Yadda ake yi ma ba ɓoyayye ba ne. A aika wa 'yan takara takardar tambayoyi, a kira su ganawa, 'yan kwamiti ƙalilan su kaɗa ƙuri'a a ɗaki, sannan reshen siyasar ƙungiyar ya saki kuɗi. Ba a tambayi mai wankin mota ko mai gyaran gashi da ke biyan kuɗin ƙungiya ba. Tambayoyin kuma na masu dukiya ne: satar kanti, masu kwana a bakin shago, saurin korar ɗan haya. Mutum nawa suka mutu a tsare bara? Wannan ba ya cikin takardar.

A Oktoban 2008, Tom Dart, sherif ɗin gundumar Cook da Chicago ke ciki, ya dakatar da korar mutane daga gidajen da bankuna suka ƙwace, saboda 'yan hayar da ba su taɓa fashin biya ba ake watsa wa kaya waje, laifin na mai gida ne. Su wa suka yi masa ca? Ƙungiyar bankunan jihar Illinois, inda gundumar take. Kun ga ma'aunin nasu ke nan.

Ga kuma Mike Carona na gundumar Orange a Kalifoniya. Ya ci zaɓe a 1998 da taimakon wani attajiri, Don Haidl, sai ya naɗa shi mataimakin sherif. Ƙarshenta Haidl ɗin ne ya ɗaura na'urar naɗar murya a jikinsa ya zauna da shi. A 2009 kotu ta kama Carona da laifin neman karkatar da mai shaida, aka yanke masa ɗaurin shekara biyar da rabi.

Na san za a ce ai 'yan kasuwa ma 'yan gari ne, suna da haƙƙin faɗin ra'ayi. Wa ya hana su? Su faɗa da lasifika ma. Ni dai kada a miƙo mini buƙatarsu a ce fatawa ce. Wani kuma zai ce ai sun fi mu sanin ɗan takarar. Ƙwarai, sun san shi. Abin da ya dame ni ke nan.

Don Allah, duk wanda ke da ƙuri'a, ya buɗe rahoton kuɗin kamfe na ɗan takara, a fili yake. Ya jera sunayen masu ba da gudummawa kusa da na masu kwangilar gidan yari. Ya kuma tambayi ɗan takarar matsayinsa kan yarjejeniyar 287(g), wadda ke bai wa yaran sherif damar yi wa hukumar shige da fice ta ICE aiki. Mai ɗan'uwa da ba takarda ya san nauyin wannan tambayar.

Af, masu rubuta "Sharif" kuna haɗa shi da Sharifai, ku daina. Kalmar tsohon Turancin Ingila ce, wakilin sarki mai kula da gunduma da karɓar haraji. Ba ruwanta da dangantaka da gidan Manzo.