Ba kambun baka ba ne, gaggawa ce

Wai har yau ana yawo da hoton dokin gilashin nan da ya tsage a falon mai shi a Maitama, ana cewa kambun baka ne. Wasu ma aljanu suka ɗora wa. Madalla, aljanun Abuja sun rasa aikin yi sai fasa kayan ado.

Jama'a, ba a bar shi ya huce yadda ya kamata ba. Magana ta ƙare.

Narkakken gilashi bayansa ke fara daskarewa, cikin yana nan da zafi yana ci gaba da tsukewa. Wannan ja-in-ja tana maƙale a ciki, ko wata nawa ne, ranar da sanyin AC ya buge shi sai a ji ƙas. Shi ya sa ake da tanda mai hucar da gilashi a hankali. Gilashin kamfanin Bullseye mai kaurin milimita 25 ana riƙe shi a digiri 482 a ma'aunin Celsius na awa 4, sannan a fara sauke zafin da kusan digiri 15 duk awa. In kaurin ya kai 50, awa 8 ne, saukewar kuma kusan digiri 4. Kauri ya ninka, sauri ya rabu gida huɗu. Doki kuwa ya fi komai wahala, ƙafa siririya ta riga ƙirji hucewa, dole a yi lissafi da wurin da ya fi kauri, har a ƙara. Ku duba hoton, tsagar daga mahaɗar cinya da ciki ta taso.

Za a ce an ɗauke wuta. To wanda ba shi da janareta a gefe me ya kai shi kunna tanda? Za a ce zafin gari ne. Gilashin tagar falon a wane gari yake? Wai kuma a tausaya wa maƙerin, yana tasowa. Ina tausayinsa ƙwarai, gashin wuyan dokin nan aikin mai hannu ne, shi ya sa abin ke ci mini rai. Ya yi mai wuyar, ya kasa haƙurin kwana biyu.

Kuma don Allah masu kallon harshen wuta da tabaran rana na kasuwar Wuse, ku nemi na didimiyam. Shi ke tare hasken rawaya da gilashi ke fitarwa, ku ga abin da hannunku ke yi.