Ranar da inji ya wanke ni tare da motata

Ranar Juma'a da daddare uwargida ta sanar da ni cewa gobe ni zan ɗauki Baba, wato mahaifinta, zuwa ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Hotoro, ƙarfe 11 na safe. Shi ne waliyyin amarya, direban da ya saba kai shi kuma ya tafi ganin gida. Na ce ba komai, ai alfaharina ne. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Amma dai za a wanke motar ko?"

Na ce mata motar tsaf take. Da gari ya waye na fito na ga na yi mata ƙarya.

Watan Janairu ne, hazo ya sauka da ƙarfinsa. Masana sun ce yawancin ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele sunansa. To ni dai shaida ne, duk wadda ta taso a makon nan ba ta ya da zango ko'ina ba sai a kan motata a Sharaɗa. A gilashin baya yaran unguwa sun rubuta "A WANKE NI" da yatsa. Wani mai tausayi ya ƙara "DON ALLAH" a ƙasa.

Motar Fijo 406 ce, haɗin Kaduna, ta girmi babban ɗana nesa ba kusa ba. Injinta garau yake, ba ta taɓa kunyata ni a hanya ba. Sai dai tsufa ya bar mata wasu sirrika. Gilashin wajen mai zaman banza ba ya kaiwa ƙarshe, yakan bar tazarar yatsa biyu, da ninkakken kwalin shayi nake toshe wurin. Madubin dama kuwa tun da wani mai adaidaita sahu ya gaisa da shi, gam da baƙin salatif ne ke riƙe da shi. Duk duniya mutum biyu ne suka san waɗannan abubuwa: ni da mai wanke min mota.

Wurinsa ƙarƙashin wata darbejiya yake a bakin titi. Jarinsa bokiti huɗu, soso, tsumma, burushi, da ƙaramin injin feshi da sai an lallashe shi yake tashi. Idan ya zo kan gilashin nan sai ya cusa leda ya kauce masa da ruwa, madubin kuma yakan goge shi a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Shekaru muna tare, bai taɓa yi min gori ba.

Na isa tara da kwata, na tarar da mota bakwai a gabana. Na manta cewa ranar Asabar a Kano duk wanda ka gani ɗaurin aure zai je.

"Alhaji, sannu da zuwa! Minti goma, yanzun nan za a zo kanka."

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a wurin wanki duk mai mota Alhaji ne. Kuma na san minti gomansa. A cikinsa ake fito da kafet a kakkaɓe a shanya a kan katanga, a goge taya ɗaya bayan ɗaya, a aiki yaro sayo omo, a jira mai ga-ruwa idan tanki ya ƙafe, a kuma tsaya raba gardamar ƙwallo. Minti goman mota bakwai, na lissafa, zai kai ni bayan Azahar.

Ina tsaye ina duba agogo, wani bawan Allah da ke zaune kan benci ya ɗago kai daga wayarsa.

"Malam, kamar sauri kake yi? Me zai hana ka je wurin inji? Akwai wani sabon gidan mai can wajen Nassarawa, minti biyar ka fito fes. Ko sauka ba za ka yi ba. Kamar a Dubai."

Da ina da wayo da na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa Dubai ɗin, ya zauna yana shan ƙura a benci. Ban tambaya ba. Godiya ma na yi masa. Mai wankina ya ji mu, ya tsaya da soso a hannu.

"Alhaji, inji? Wannan motar?"

Na ce eh. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "To Allah ya tsare." A raina na ce kishi ne, ya ga zamani zai raba shi da ciniki.

Wurin kam ya haɗu. Ƙasa duk siminti, yara da riguna iri ɗaya, na biya ta POS kuɗin da ya ninka na ƙarƙashin darbejiya har da ɗori. Yaron ya sunkuyo ya karanto min ƙa'idoji kamar hadda: "Oga, a naɗe madubi, a ɗaga gilashi duka, a kashe waifa, a ja hambirki, kada a buɗe ƙofa sai an ga koriyar fitila." Nan ya kamata in faɗi gaskiya. Amma wata dalleliyar jif tana bayana, mai ita ya zuba min ido, sai girman kai ya ce min kwalin shayi zai iya. Na ƙara danna shi da babban yatsa, na ce a bismillah.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wannan injin ba irin wanda ke jan mota ya ratsa da ita ba ne. Motar tana tsaye wuri ɗaya, wani ƙaton ƙarfe mai kama da ƙofar gari ne ke tafiya kan layin dogo, ya yi gaba ya dawo baya. Yana ɗauke da burushi uku, biyu a tsaye ta gefe, ɗaya a kwance ta sama, kowanne ya fi ni kauri. Babu wanda ya gaya min cewa idan ya taho, ido zai ce maka motarka ce ke gangarawa. Na taka birki da iya ƙarfina, na damƙe sitiyari ina salati. Motar da ke kashe, hambirki a sama. Ta cikin ruwan na hango yaron ya dafa bango yana dariya.

Sai aka sako ruwa na gaske.

Kwalin shayi ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Daƙiƙa kaɗan ya koma fate, ya sulale cikin ƙofa. Ruwa da kumfa suka shigo kamar an saita tiyo, kai tsaye kan kujerar da surukina zai zauna. Na miƙa jiki na toshe da tafin hannu, ruwan ya bi hannun riga ya gangara har hamata. Shaddar nan jiya na karɓo ta daga wurin masu bugu, tana ƙyalli tana ƙamshi. Da na ga hannu ba zai yi ba, na cire hulata zanna bukar, wadda mai wankin hula ya riƙe kwana uku kafin ya ba ni, na cusa ta a ramin. Ina cikin wannan jihadi burushin dama ya iso. Na ji ƙwas. Na ga madubina ya yi sama, ya juya sau biyu, ya ɓace cikin kumfa.

Daga nan aka ɗauke wuta.

Komai ya tsaya cak. Kumfa ta rufe gilasai, ciki ya yi duhu, burushin sama ya kwanta a kan rufi, na gefe kuma ya tsaya daidai ƙofata, ko da na so fita babu hali. Shiru, sai ɗigar ruwa. A lokacin ne waya ta yi ƙara.

"Kana ina? Baba ya shirya tun ɗazu, yana zaure a zaune."

"Ina cikin inji."

"Injin me?"

Na ce zan yi mata bayani idan Allah ya fito da ni.

Janareto akwai shi, mai riƙe da makullin ɗakinsa ne ya je karyawa. Minti goma sha biyu na yi a ciki, na ƙirga, don babu abin yi sai ƙirgar. Da aka tayar kuma ashe injin ba ya tuna inda ya tsaya. Daga farko ya sake ɗaukowa: ruwa, kumfa, burushi, duka. Yaron ya ɗaga murya ta waje, "Oga, ka ci riba, wanki biyu kuɗin ɗaya!" A ƙarshe wata iska mai ƙarfi ta bi jikin motar ta busar da ita tas. Jikin motar, na ce. Ni da kujera babu wanda ya tambaye mu.

Don Allah a faɗi gaskiya, ta waje ban taɓa ganin motar nan ta yi kyau irin na ranar ba. Sai da na tuna ashe launinta ruwan toka ne. Amma inji ba ya shiga ciki. Ɓawon gyaɗar yara, ledar biskit da ƙurar dashbod suna nan yadda na zo da su, sai dai yanzu sun jiƙa. Yaron ya kawo min madubi da hannu biyu, kansa a ƙasa kamar mai ta'aziyya, ya kuma nuna min wani allo da ke cewa ba ruwansu da duk abin da ya zo a kwance. Allon yana nan tun shigowata, ƙato guda. Ban da bakin magana.

Sha ɗaya saura minti ashirin da biyar. Na ɗauko dadduma daga but na shimfiɗa a kujerar, na taka mota sai Gyaɗi-Gyaɗi. Na tarar da Baba cikin farar babbar riga, an sha aiki, ga ƙamshin turare. Na durƙusa na gaishe shi, na yi wuf na buɗe ƙofar baya.

"Baba, nan ya fi sakewa."

"A'a, ni ba gwamna ba ne. Gaba zan zauna mu yi hira."

Ya zauna. Kujerar ta yi wata 'yar ƙara, irin ta soso idan an matse shi. Ni ban dube shi ba, shi ma bai dube ni ba. Tsakanin mutum da surukinsa akwai abin da kunya ba ta bari a ambata, ko da yana ratsa wando. Mun yi nisa babu mai cewa uffan, can ya gyara murya.

"An yi ruwa ne a wajenku?"

A watan Janairu. Na ce, "A'a Baba, wanki aka yi."

Ya kalli kaina babu hula, ya kalli hannun rigata, ya kalli inda madubi yake a da.

"Ma sha Allah. An wanku."

Mun isa sha ɗaya da minti goma, jama'a na ta leƙen hanya, don ba a ɗaurawa sai da waliyyi. Da Baba ya fito na saci kallon bayansa, na ga taswira guda a farar riga, har da jan launin dadduma a gefe-gefe. Dattijo ya tattare rigar ya saɓa a kafaɗa, ya shige da sauri, ya nemi jikin bango ya jingina. A nan ya ba da aure, a nan aka shafa fatiha, a nan ya gaisa da kowa, bai tashi ba sai da mutane suka ragu. Da na je ɗaukarsa ya ce in yi tafiyata, Allah ya yi albarka, maƙwabcinsa zai sauke shi.

Washegari na koma ƙarƙashin darbejiya da madubi a hannu. Mai wankina ya leƙa cikin motar, ya danna kujerar da yatsa, ruwa ya taso. Bai ce komai ba, wanda ya fi min zafi a kan ya yi magana. Ya sa aka kwance kujerar aka kai rana, ya aiki yaro sayo gam da salatif.

"Minti goma, Alhaji."

Na samu wuri a benci na zauna. Mota biyar ce a gabana. Ba a jima ba wani ya faka da sauri, shadda tana ƙyalli, yana duba agogo yana roƙon a taimaka a sa shi gaba, wai walima zai je. Na dubi layin, na dubi motarsa, na ga bambarta da waya aka ɗaure.

Na gyara zama na ce, "Malam, kamar sauri kake yi?"