Layin keke ba wurin ajiye mota ba ne

Wallahi masu ajiye mota a bakin tafki sun ishe ni. Ka yi sammako ka shiga gandun daji da kekenka, inuwa ta rufe kwalta, kana gangarowa a guje, kana shan kwana sai ga mota an girke a tsakiyar layin keke, ƙofa a wangale. Mai ita yana can yana ɗaukar agwagi hoto!

Tayar keken tsere fa siririya ce, yawanci milimita 25 zuwa 28. Ka damƙe birki a kan jiƙaƙƙen ganye, santsi ya kwashe ka.

Jiya na yi wa wani magana, wai minti biyu ne kawai. Alhali ga filin ajiye motoci can gaba kaɗan, wayam.